Tuƙi cikin maye: Shekara nawa hukunci ke yi a kundin mutum?

Direban da kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye a Ingila yakan fito daga zauren shari'a ne yana lissafin watanni 12, wato mafi ƙarancin lokacin da doka ta ce a hana shi riƙe sitiyari.

Sai dai kuma wannan shi ne wa'adi mafi gajarta daga cikin waɗanda suka fara aiki a kansa a wannan rana.

Hukuncin yana shiga kundaye daban-daban, a hannun hukumomi daban-daban, kuma kowanne da lokacin da yake ɗauka kafin ya sake shi. Akwai na shekaru 5, akwai na 10, akwai na 11, akwai kuma wanda ba a share shi sai an cika shekaru 100 da haihuwar mai laifin.

Rashin sanin wannan bambanci ya sha jefa mutane cikin matsala a wajen neman aiki, da sayen inshorar mota, da neman biza ko takardar zama ɗan ƙasa, shekaru da dama bayan an mayar musu da lasisinsu.

Abin da doka ta haramta

A shekarar 1967 ne Birtaniya ta fara sa iyaka a kan yawan barasar da za a iya samu a jikin direba, a zamanin da Barbara Castle ke ministar sufuri. A lokacin ne kuma 'yan sanda suka fara amfani da na'urar gwajin numfashi a bakin hanya.

Iyakar a Ingila da Wales ita ce miligiram 80 na barasa a cikin kowace mililita 100 ta jini, ko kuma mikrogiram 35 a cikin mililita 100 ta numfashi. Yankin Scotland ya rage tasa zuwa miligiram 50 a watan Disambar 2014.

Wanda ya haura iyakar zai iya fuskantar ɗaurin watanni 6, da tarar da doka ba ta ƙayyade mata iyaka ba, da kuma haramcin tuƙi na aƙalla shekara guda. Tsawon haramcin yana ƙaruwa ne gwargwadon abin da na'ura ta nuna: daga watanni 12 zuwa 16 ga wanda ya ɗan gota iyakar, har ya zuwa watanni 29 zuwa 36 ga wanda aka samu da mikrogiram 120 ko fiye.

Kotu na iya ba mutum damar halartar wani kwas na gyaran hali wanda shi zai biya kuɗinsa. Idan ya kammala, akan rage masa har kashi ɗaya cikin huɗu na haramcin, ta yadda watanni 12 za su koma 9. Kwas ɗin dai bai taɓa ko da kwana ɗaya daga cikin wa'adodin da za a yi bayaninsu a nan.

Mai karatun da ba ya shan barasa zai iya ɗaukar cewa zancen bai shafe shi ba. Akwai hanyoyi aƙalla uku da irin wannan hukunci ke hawa kan wanda bai taɓa sayen kwalba ba.

Ta farko ita ce ƙin yarda a yi gwaji. Direban da ya fusata da 'yan sanda, ya ƙi ba da numfashinsa ko jininsa a caji ofis ba tare da wani uzuri karɓaɓɓe ba, hukuncinsa daidai yake da na wanda aka kama a buge. Cewa mutum ba mashayi ba ne ba ya cikin uzurorin da doka ta amince da su.

Ta biyu ita ce magunguna. Tun watan Maris na 2015 dokar Ingila da Wales ta sa iyaka a kan wasu ƙwayoyi a jinin direba, ciki har da waɗanda likita ke rubutawa, irin su morphine da diazepam. Hukumomi suna kuma shawartar masu shan codeine ko tramadol da su tuntuɓi likita kafin su yi tuƙi. Wanda ya sha maganin bisa umarnin likita, kuma bai dagula masa tuƙi ba, yana da kariya a doka. Wanda ya samo shi ta bayan fage ba shi da ita.

Ta uku ita ce sha cikin rashin sani, kuma a nan akan tuna da Yaya Toure, tsohon ɗan wasan Manchester City. A watan Disambar 2016 wata kotun majistare a gabashin London ta ci shi tarar fam 54,000, ta kuma hana shi tuƙi na watanni 18. Ɗan wasan, wanda Musulmi ne, ya ce shi ba ya shan barasa, kuma an gauraya ta ne a cikin lemon da ya sha a wajen wata liyafa ba da saninsa ba. Duk da haka ya amsa laifin, domin dokar tana duban abin da ke cikin jini ne, ko da niyya ko babu. A wasu lokutan irin wannan hujja na iya sa alƙali ya sassauta haramcin, amma ba ta hana rubuta laifin.

Shekaru 11 a kundin lasisi

Kundi na farko shi ne na hukumar DVLA, mai hedikwata a birnin Swansea, wadda ke kula da lasisin direbobi a Ingila da Scotland da Wales. Da zarar kotu ta yanke hukunci, sai ta sanar da hukumar, ita kuma ta sa wa mutum wata alama a kan bayanan lasisinsa.

Alamar da aka fi sani ita ce DR10, ta wanda ya yi tuƙi ko ya yi yunƙurin tuƙi alhali barasar jikinsa ta haura iyaka. Ta wanda ya yi tuƙi kuma ya ƙi ba da numfashi ko jini ita ce DR30, ta ƙwayoyi kuwa DG10. Dukkansu suna zama na tsawon shekaru 11, kuma ana soma ƙirga ne daga ranar da kotu ta yanke hukunci, ba daga ranar da aka kama mutum ba.

Bisa wannan lissafi, alamar da aka sa wa Yaya Toure ba za ta gushe ba sai ƙarshen 2027. Ta Wayne Rooney, wanda wata kotu a Stockport ta hana tuƙi na shekaru 2 a watan Satumbar 2017, tare da sa shi aikin bauta wa jama'a na sa'o'i 100, za ta kai 2028.

Akwai ƙananan laifuffuka da wa'adinsu bai kai haka ba. Mutumin da aka samu a buge yana zaune cikin motarsa da makulli a hannu, ko da bai tayar da ita ba, ana iya tuhumarsa da kasancewa mai iko da mota cikin maye. Alamar wannan laifi, DR40, shekaru 4 take yi.

Me ya sa 11, ba 10 ba? Amsar tana cikin wata ƙa'ida ta daban. Doka ta ce duk wanda ya sake aikata laifin cikin shekaru 10 da hukuncin farko, to mafi ƙarancin haramcinsa ya tashi daga shekara 1 zuwa shekaru 3. Tunda akwai tazara tsakanin ranar aikata laifi da ranar gurfana a gaban kotu, sai aka ƙara shekara guda domin alƙalin da ke shari'ar wanda ya sake laifi dab da cikar shekaru 10 ya tarar da tsohuwar alamar tana nan.

A da, alamar tana rubuce ne a kan wata takarda da ke rakiyar katin lasisi. An soke takardar a watan Yunin 2015, komai ya koma cikin kwamfuta. Wannan ya kawo ƙarshen tsohuwar dabarar da wasu ke yi ta cewa takardar ta ɓace.

Riƙe lasisin wata ƙasa ba ya kuɓutar da kowa. Baƙon da ya shigo daga Najeriya ko Nijar yana da damar tuƙi da lasisin ƙasarsa na watanni 12, amma idan kotu ta same shi da laifi, DVLA za ta buɗe masa kundi da sunansa, kuma alamar za ta jira shi ranar da ya nemi lasisin Birtaniya.

Haka kuma ƙarewar haramci ba ya nufin lasisi zai dawo kai tsaye ga kowa. Wanda aka samu da miligiram 200 ko fiye a jininsa, da wanda ya ƙi ba da gwaji, da wanda aka hana tuƙi sau biyu cikin shekaru 10, ana sa su ne a rukunin direbobi masu haɗari. Sai likitan da hukumar ta naɗa ya duba su, ya gwada jininsu don ganin ko har yanzu suna yawan sha, kafin a sake ba su lasisi.

Lokacin da doka ta yarda a yi shiru

Tambayar da ta fi damun yawancin mutane ita ce: har yaushe ne wajibi mutum ya faɗi laifin idan an tambaye shi?

Wannan yana ƙarƙashin wata doka ta 1974 wadda aka yi domin bai wa waɗanda suka taɓa yin laifi damar sake gina rayuwarsu. Dokar ta tanadi cewa bayan wani lokaci hukunci yakan zama wanda ya shuɗe, kuma daga nan mutum na da ikon amsa cewa ba a taɓa samunsa da laifi ba, ba tare da an ɗauke shi maƙaryaci a idon doka ba.

An yi wa wa'adodin gyara a 2014 da kuma 2023, inda aka gajarta da yawa daga cikinsu. Hukuncin tara, alal misali, yana shuɗewa ne bayan shekara guda. Amma ba a taɓa wa'adin alamar lasisi ba: shekaru 5 ne ga baligi, shekaru biyu da rabi ga wanda bai kai 18 ba. Kuma idan hukunci ɗaya ya ƙunshi horo iri-iri, mafi tsawon wa'adi ne ke aiki.

Sakamakon haka wani abu mai kama da almara yana faruwa. Mutumin da aka ɗaure na watanni 6 saboda sata zai iya samun hukuncinsa ya shuɗe shekara guda bayan kammala wa'adinsa, yayin da direban da tara kawai aka ci shi zai jira shekaru 5. Ƙungiyoyin da ke kare haƙƙin tsofaffin fursunoni sun daɗe suna sukar wannan tsari, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

A cikin waɗannan shekaru 5, kamfanonin inshora ne suka fi sa mutum ya ji a jikinsa. Wasu sukan ƙi karɓarsa baki ɗaya, wasu kuma su tsawwala masa kuɗi. Wanda ya ɓoye laifin da gangan yana wasa ne da wuta, domin doka ta ba kamfani damar soke inshorar tun daga tushe, ya kuma riƙe kuɗin da aka biya. Galibi kuwa asirin ba ya tonuwa sai bayan an yi haɗari, lokacin da aka fi bukatar inshorar.

Daga shekara ta 5 zuwa ta 11 ana shiga wani yanayi mai ruɗarwa. Alamar tana nan a kundin DVLA, amma a doka hukuncin ya shuɗe. A wannan tsakani kamfanin inshora ko mai ɗaukar ma'aikata na yau da kullum ba shi da hurumin amfani da ita wajen ƙuntata wa mutum. Kotu kuwa tana da shi.

Scotland na da nata dokokin a kan wannan batu, waɗanda suka ɗan sha bamban da na Ingila da Wales.

Ayyukan da ba a mantuwa

Dokar ta 1974 ta keɓe wasu sana'o'i waɗanda mai nemansu ba shi da ikon yin shiru ko da hukuncinsa ya shuɗe. Daga ciki akwai aikin likita, da na jinya, da koyarwa, da lauya, da kula da yara ko tsofaffi, da kuma tuƙin tasi. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da da yawa daga cikin 'yan Afirka ta Yamma mazauna Birtaniya ke yi.

Hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, ita ce ke ba da takardar shaidar tarihin mutum ga masu ɗaukar aiki. Takardar matakin farko tana nuna hukuncin da bai shuɗe ba ne kawai. Takardun manyan matakai, waɗanda ake nema a ayyukan da aka ambata, suna nuna har da wanda ya shuɗe.

Su ma dai suna da ranar ƙarewa. Hukuncin tuƙi cikin maye yakan daina bayyana a kansu bayan shekaru 11 ga baligi, muddin ba a yanke wa mutum ɗauri ba. Idan an yanke masa ɗauri, ko da na jeka-ka-gyara-halinka ne wanda bai kwana gidan yari ba, to laifin zai ci gaba da bayyana har abada. Saboda haka bambancin da ke tsakanin tara da ɗaurin makonni kaɗan ya wuce yadda yake bayyana a ranar shari'a.

Direbobin tasi suna da wani ƙarin shinge. Ƙa'idojin da ma'aikatar sufuri ta fitar a 2020 sun shawarci ƙananan hukumomi da kada su ba da lasisin tasi ga wanda aka samu da wannan laifi sai bayan aƙalla shekaru 7 da kammala horonsa ko haramcinsa. Ga mutumin da motar haya ce abincinsa, haramcin shekara guda ya zama na shekaru 8 ke nan.

Likitoci da ma'aikatan jinya kuwa wajibi ne su kai rahoton kansu ga hukumomin da ke kula da sana'arsu, waɗanda kan buɗe nasu binciken a kan lafiyar mutum da cancantarsa.

Kundin 'yan sanda

A ƙarƙashin duka waɗannan akwai babban kundin 'yan sanda na ƙasa, wanda aka fara adanawa a kwamfuta a 1974. Duk laifin da ake iya ɗaure mutum a kansa yana shiga ciki, kuma tuƙi cikin maye na daga cikinsu, saɓanin gudun wuce sa'a. Akan ɗauki hoton mai laifin da zanen yatsunsa.

Manufar 'yan sanda ita ce ajiye bayanan har sai an cika shekaru 100 da haihuwar mutum. An ƙalubalanci ajiye tsofaffin ƙananan laifuffuka a gaban kotu, amma a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan 'yan sanda.

Idan aka ɗauki misalin mutum mai shekaru 30 da aka yanke wa tara da haramcin shekara guda a watan Maris na 2024, lissafinsa zai kasance kamar haka. Ya koma tuƙi a Maris na 2025, ko kuma a Disambar 2024 idan ya yi kwas. Zai daina faɗa wa kamfanin inshora a 2029. Barazanar haramcin shekaru 3 za ta sauka daga kansa a 2034. Alamar DVLA za ta gushe a 2035, a kuma shekarar ne laifin zai daina fita a takardar neman aikin asibiti ko makaranta. Kundin 'yan sanda kuwa zai riƙe sunansa har 2094.

Wannan kundi ne hukumomin shige da fice ke dubawa. Tun 2012 doka ta cire al'amuran biza da na zama ɗan ƙasa daga kariyar dokar 1974, don haka mai neman izinin zama na dindindin ko fasfon Birtaniya dole ne ya bayyana duk wani hukunci, komai daɗewarsa. Laifin tuƙi guda ɗaya wanda ya tsufa ba lalle ne ya hana shi samun abin da yake nema ba. Ɓoye shi kuwa ana ɗaukarsa yaudara, kuma yaudara ta fi asalin laifin nauyi a wurin jami'an.

Wanda zai bar Birtaniya zuwa wata ƙasa yakan nemi takardar shaida daga ofishin ACRO na 'yan sanda. Takardar tana da kalamai iri biyu masu kama da juna: ɗaya na nufin babu komai a kan mutum, ɗayan kuma na nufin babu wani abu mai rai a yanzu. Jami'an ofisoshin jakadanci sun san cewa na biyun alama ce ta wani tsohon laifi, kuma sukan bukaci ƙarin bayani.

Amurka: kowace jiha da tsarinta

A Amurka babu amsa guda ɗaya, domin dokokin hanya na hannun jihohi ne. Wata doka da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 2000 ta matsa wa jihohi lamba har dukkansu suka amince da iyakar kashi 0.08 cikin 100, wadda ta yi daidai da ta Ingila. Jihar Utah ta rage tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. A kan batun ajiye bayanai kuwa, kowa gabansa yake ci.

A California laifin yana zama shekaru 10 a kundin lasisi. A New York babban laifin tuƙi cikin maye yana bayyana na shekaru 15. A Florida shekaru 75 ne, kuma dokar jihar ba ta yarda a goge ko a rufe irin wannan hukunci ba. A Texas, tun 2005, babu wani wa'adi da tsohon laifi ke daina ƙirguwa, ta yadda wanda aka hukunta yana saurayi, idan ya sake a tsufansa, mai maimaita laifi ne.

Wasu jihohin suna barin mutum ya roƙi kotu ta goge hukuncin daga kundin masu laifi. Michigan ta fara ba da wannan dama ga masu laifin farko a 2022, bayan jiran shekaru 5. To amma gogewar ba ta kai ga kundin lasisi ba. Haka lamarin yake a California, inda hukuncin da aka goge yake ci gaba da ƙirguwa idan mutum ya sake laifi cikin shekaru 10.

Direbobin manyan motoci suna ƙarƙashin dokar tarayya mai tsanani. Iyakarsu 0.04 ce, laifin farko na janyo dakatarwar shekara guda, na biyu kuma na iya raba mutum da sana'ar har ƙarshen rayuwarsa.

Ga baƙi, kamu kaɗai ya isa. Tun 2015 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke da manufar soke bizar ɗalibi ko ma'aikacin da aka kama da tuƙi cikin maye, tun kafin a kai ga shari'a. Mai neman biza da aka taɓa kamawa sau ɗaya cikin shekaru 5, ko sau biyu cikin shekaru 10, akan tura shi wajen likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi.

Tarihin siyasar ƙasar ma na da misalin yadda tsohuwar takarda ke tashi. A 1976 'yan sanda sun kama George W Bush yana tuƙi cikin maye a jihar Maine, ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala 150. Shekaru 24 bayan haka, ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa na 2000, labarin ya fito a kafafen watsa labarai, ya mamaye ƙarshen yaƙin neman zaɓen. Mataimakinsa Dick Cheney shi ma an taɓa samunsa da irin wannan laifi sau biyu a jihar Wyoming, a farkon shekarun 1960.

Kanada da Jamus

Kanada na daga cikin ƙasashen da suka fi tsananta wa baƙi a kan wannan batu. A watan Disambar 2018 ta ɗaga mafi girman hukuncin laifin zuwa ɗaurin shekaru 10, abin da ya shigar da shi sahun manyan laifuffuka a dokar shige da fice.

Kafin nan, wanda ke da laifi guda ɗaya akan ɗauke shi ya gyaru da zarar shekaru 10 sun wuce. Ga laifuffukan da aka aikata bayan canjin, wucewar lokaci kaɗai ba ta wadatar. Sai mutum ya jira shekaru 5 bayan kammala horonsa, sannan ya rubuta takardar neman a wanke shi, ya biya kuɗi, ya jira amsa. Ko mai izinin zama na dindindin a ƙasar yana iya fuskantar kora saboda hukunci guda.

A Jamus ana ajiye bayanan direbobi ne a birnin Flensburg. Tsarin da aka sabunta a 2014 ya tanadi cewa laifin da ya kai ga ƙwace lasisi yana zama shekaru 10. Sai dai ƙirgar ba ta farawa sai ranar da aka sake ba mutum lasisi, ko kuma bayan shekaru 5 idan bai nema ba, don haka tana iya kaiwa shekaru 15. Wanda aka kama da barasa mai yawa sai ya ci wata jarrabawa ta likita da masanin halayyar ɗan'adam, wadda Jamusawa suka yi wa laƙabi da jarrabawar wawaye.

Idan an tsallaka iyaka

Haramcin tuƙi kansa ba kasafai yake bin mutum zuwa wata ƙasa ba, in ban da inda akwai yarjejeniya, kamar wadda ke tsakanin Birtaniya da Jamhuriyar Ireland. Abin da ke bin sa shi ne tambayar da ke kan takardar neman biza, wato ko an taɓa samunsa da laifi a kowace ƙasa.

Tambayar tana aiki ta ɓangarori biyu. Ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta da ke neman bizar aiki a Birtaniya sai ya kawo takardar shaida daga duk ƙasar da ya zauna a cikinta na watanni 12 ko fiye a shekaru 10 da suka gabata. A Najeriya rundunar 'yan sanda ce ke ba da wannan takarda. Hukuncin da wata kotu ta yanke a Kaduna, ko a Johannesburg, ko a Dubai, abu ne da ake sa ran mai nema ya bayyana da kansa, kuma ƙasar da yake son shiga takan auna shi ne da ma'aunin dokarta.

A Birtaniya kowane direba na iya duba kundinsa kyauta a shafin intanet na gwamnati, ta hanyar amfani da lambar lasisinsa, da lambarsa ta inshorar ƙasa, da lambar unguwarsa. Shafin yana nuna alamar da ke kansa da ranar da za ta gushe. Kamfanin hayar mota ko mai ɗaukar aiki ba ya iya gani sai da izinin direban, wanda yakan ba da wata lamba ta musamman da ke aiki na kwanaki 21. Wanda kuma ke son sanin abin da 'yan sanda suka rubuta a kansa yana da ikon neman kwafi daga ofishin ACRO ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma lauyoyin shige da fice kan shawarci abokan hulɗarsu da su yi hakan kafin su cike kowace takarda.